Tsohon Bariki da Ɗan Kaso: Wane Bango Ne Ke Gyara Mutum?

A ƙauyukan El Allassane Maïreyrey, can arewacin Mayahi, idan jandarmomi suka tafi da mutum, tambayar da mahaifiyarsa ke fara yi ita ce: ina za a kai shi? In Tasawa ce ko Maradi, da sauran dama, domin ranar kasuwa ana iya shiga mota a kai masa fura da sabulu, a ga idonsa, a faɗa masa yadda gero ya yi. In kuwa aka ambaci wani wuri mai nisan kwana da kwanaki, to gidan ya shiga zaman makoki alhali babu gawa. Wannan tambaya ta tsohuwa nake so mu riƙe, mu auna da ita wata shawara da ke tasowa a ƙasashe da yawa duk lokacin da gidajen kaso suka cika: tunda ga tsofaffin barikokin soja babu kowa a ciki, me zai hana a zuba fursunoni?

Adalci ne mu fara sauraron masu wannan ra'ayi, don hujjarsu tana da ƙarfi. Gidan kason Yamai an gina shi a 1947 domin mutum 350, amma ya sha ɗaukar fiye da 1,000. A 1999 fursunoni 29 suka mutu a can cikin ɗaki ɗaya saboda rashin iska. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasarmu ya san cunkoso kisa ne na sannu a hankali. Ga baitulmali babu kuɗin sabon gini, ga bariki da katangarsa da ƙofarsa da ɗakunansa. Ingila ma, da duk arzikinta, ta bi wannan hanya: kurkukun Highpoint da aka buɗe a 1977 da na Lindholme na 1985 duk tsofaffin sansanonin sojan sama ne.

Sai dai tarihi ya nuna mana inda hanyar take ɓullewa. Ingilar da ta yi ta ƙara ɗakuna, a watan Satumba na 2024 sai da ta fara sakin dubban fursunoni kafin wa'adinsu saboda wuri ya ƙare. Alkataras ta Amurka, tsohuwar ganuwar soja a tsakiyar ruwa, ta zama kurkukun tarayya a 1934, aka rufe ta a 1963 domin tsadar riƙonta, tunda ko ruwan sha sai an kai da jirgi. Mu kanmu a Nijar ba labari aka ba mu ba. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, a barikin sojan Damagaram aka tsare Shugaba Diori Hamani shekara shida. A zamanin Seyni Kountché sunan Dao Timmi, wani sansanin soja a ƙuryar hamadar arewa, ya isa ya sa babban mutum ya yi shiru. A Ankara ta Gana kuwa, cikin ganuwar James Fort Turawa suka kulle Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951. Mai karatu zai lura cewa a wuraren nan uku, wanda aka kai can an kai shi ne don a ɓatar da shi daga idon jama'a.

Dalilin haka a fili yake. Kowane gini yana ɗauke da niyyar wanda ya aza harsashinsa. Mai gina masallaci alƙibla yake nema, mai gina rumbu tsoron gara da ruwa yake yi, mai gina bariki kuwa maƙiyi ne a ransa. Shi ya sa yake zaɓen bayan gari ko bakin iyaka, ya ɗaga katanga, ya ƙuntata taga, ya hana baƙo kusantowa. Idan aka sa ɗan kaso a irin wannan wuri, sannu a hankali mai gadi da hukuma da mu kanmu sai mu soma kallonsa da idon da aka gina wurin dominsa, wato idon yaƙi. Alhali yaron da ya saci akuya a kasuwar ƙauye, ko manomin da ya fasa kan makiyayi a rikicin burtali, ɗan gari ne da ya yi laifi, kuma gobe garin zai dawo. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya buƙaci wurin tsare masu laifi a Makka, gidan Safwanu ɗan Umayya ya saya a kan dirhami 4,000, gida ne a cikin gari, inda idon mutane ke kaiwa.

Akwai kuma maganar da ake yawan tsallakewa: mene ne ma'anar a ce wuri yana ɗaukar mutum kaza? In tabarmi ake ƙirgawa, ɗakin da sojoji 20 suka kwana zai ɗauki fursunoni 60. Amma soja da safe fita yake yi, ɗan kaso kuwa nan zai wuni, nan zai kwana. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, da iska da haske da ruwa da magani suke auna wuri, sun kuma wajabta a raba mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa hukunci, a raba yaro da babba, a bar ɗan kaso kusa da iyalinsa gwargwadon hali. Da wannan mudu, tsohon bariki mai faɗi yana iya zama ƙarami ƙwarai.

Sa'an nan su wane ne suka cika gidajen? A Nijar da Najeriya, shekara da shekaru, fiye da rabin waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jira suke. Wani yakan yi zaman da ya zarce hukuncin laifin da ake tuhumarsa da shi, wani kuma a ƙarshe a ce ba shi da laifi, bayan gonarsa ta yi damina biyu babu mai nomawa. Ashe cikar gidan kaso daga teburin alƙali take farawa. In aka buɗe sabon wuri aka bar takardu suna kwana a kotu, an samar wa jinkiri masauki ne kawai, kuma ba da daɗewa ba shi ma zai cika.

Ban ce babu mai buƙatar tsaro mai tsanani ba. Wanda ya ɗauki bindiga ya yaƙi ƙasa dole a tsare shi inda ba a fasawa da sauƙi, ko da yake Kutukale, da duk katangarsa da nisansa daga Yamai, fursunoni sun tsere daga cikinsa a watan Yuli na 2024. Abin da nake gudu shi ne a ɗinka wa ɓarawon kaza rigar da aka yanka don ɗan ta'adda. A Kano, a 2025, gwamnati ta bayyana niyyar mai da kurkukun Kurmawa na 1910 gidan tarihi, a kwashe mazaunansa zuwa Janguza, kusa da barikin soja. Sabon ginin ya fi tsohon sarari, babu musu, amma ya dace a tambayi tsohuwar da ke takawa da ƙafa daga cikin birni da kwanon tuwo nawa za ta riƙa biya kafin ta ga ɗanta.

Saboda haka, in larura ta tilasta a yi amfani da tsohon sansani, to a cika sharuɗɗa: ya kasance inda iyali da lauya da likita za su iya zuwa, a fasa tagogi, a kawo ruwa, a buɗe aji da wurin koyon sana'a, a danƙa shi ga ma'aikatan da aka horar don kula da ɗan kaso. Kafin wannan ma, a gaggauta shari'a, a yi aiki da dokar 2017 da ta ba alƙali damar yanke wa mai ƙaramin laifi aikin amfanin jama'a maimakon ɗauri, a kuma ƙarfafa sulhun da hakimai da masu gari ke yi kan gona da burtali tun jini bai zuba ba.

Mu malaman makaranta da ƴan ƙungiyoyin al'adu muna da namu kason. Da yawa daga cikin samarin da ke bayan waɗancan ƙofofi sun taɓa zama a gabanmu da allo, wasu kuma ba su taɓa samun wannan dama ba. Neman izinin shiga gidan kason Tasawa ko na Maradi da darasin yaƙi da jahilci sau ɗaya a mako bai fi ƙarfinmu ba. Wanda ya shiga ya ga ɗakin da idonsa, ya ƙirga mutanen da ke ciki, shi ne zai iya ba tsohuwar nan amsa ta gaskiya ranar da ta tambaye shi inda aka kai ɗanta da halin da yake ciki. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kuɓutar da duk wanda ke tsare ba da hakkinsa ba.