Wa Ke Da Itacen da Ba Wanda Ya Shuka Shi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai fitar da tsiro daga ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sau da yawa in an yi wa mai saran itace magana, sai ya ce dajin Allah ne, ba gonar kowa ba. Gaskiya ne ba wanda ya shuka shi. To, amma rashin mai shuka yana nufin rashin mai hakki? Labarin madobiya ya isa misali.

Madobiya itace ne sananne a dazukan Afirka ta Yamma. Fulani kan sare rassanta da rani su ba shanu ganyen, damina ta zo ta sake tofo. Mutanen karkara kuwa na magani da ɓawonta. Daga wajen 2013 sai masu yin kujeru da gadaje masu tsada a ƙasar Sin suka buɗe mata kasuwa a Nijeriya, 'yan ciniki suka raɗa mata suna madrid. Injin zarto ya shiga dazukan jihar Taraba, manyan motoci suna kwasar gungume zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko. Abin ya kai ga taron yarjejeniyar CITES, mai lura da cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, ya ƙuntata cinikinta a 2016, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya.

Lalle Musulunci bai haramta saran itace ba. Mumbarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da itacen dajin Gaba na kusa da Madina aka sassaƙa shi, ginshiƙan masallacinsa kuwa kututturen dabino ne. Saboda haka gatari ba shi da laifi. Inda ake tuhuma shi ne yadda aka sara da abin da aka bari.

Sara iri biyu ne. Akwai wanda ake share daji ƙarƙaf, ƙasa ta zauna tsirara, ruwan sama ya kwashe albarkarta. Akwai kuma na zaɓe, wanda masana daji suka yi wa sharuɗɗa: ba a taɓa itace sai kaurinsa ya kai wani mizani, a bar iyaye masu zubar da iri, sa'an nan a ƙaurace wa wurin shekaru masu yawa kafin a komo. Masu madobiya su ma zaɓe suka yi, amma ba sharaɗi. Da manya suka ƙare sai suka koma kan ƙanana. Ashe zaɓe ma yakan zama ɓarna in kwaɗayi ne mai zaɓen. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin cin riba da cin uwar kuɗi. Bafulatani mai sare reshe riba ya ci, mai kā da ƙaramar madobiya uwa ya cinye, uwar kuwa ba tasa ba ce shi kaɗai.

Ta wane ne? Ya zo a hadisi cewa mutane sun yi tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta, wasu malamai kuma suka shigar da itacen daji cikin ma'anar wuta. Abin tarayya ana ɗiba gwargwadon bukata, ba a hana wa saura. Cikin sauran nan akwai makiyayi, da mai magani, da ɗan da ba a haifa ba, wanda ba shi da bakin da zai kai ƙara. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa ta Sham sare itace mai 'ya'ya. In an kiyaye itacen abokin gaba a lokacin yaƙi, yaya na maƙwabci a zaman lafiya?

Wani zai ce talauci ne, yaro mai riƙe da zarto abin tuwo yake nema. Wannan uzuri yana rage laifi, ba ya shafe shi. Nauyi mafi girma yana kan mai kuɗin da ya aike shi, da ma'aikacin da ya karɓi na goro ya sa hannu, da shugaban da ya kau da kai. Sayyidina Umar ya killace makiyayar Rabaza domin amfanin jama'a, watau irin abin da Hausawa ke kira hurumi. Tsare gandun daji ke nan aikin hukuma ne mai asali a shari'a, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mai sara ya tambayi kansa kafin ya ɗaga gatari: in jikansa ya zo wurin nan, zai tarad da inuwa ko kututture? Allah Ya kiyashe mu cin amana. Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.