Jarumi da Mai Sanye da Rigarsa

A Bakori, kamar sauran garuruwanmu, akwai wata al'ada da ta shigo ba tare da sallama ba. Idan daren Lahadi ya yi, da an idar da sallar isha'i sai ka ga matasa sun yi cincirindo a shagon mai caji, kawuna huɗu ko biyar a kan waya ɗaya. Wanda ba shi da kuɗin data yakan haƙura zuwa wayewar gari, ya je wajen masu tura fim. A cikin gida ma haka abin yake, an kwashe tuwo, an jingina waya da kwano, an ce wa yara su yi shiru. Kowa jira yake ya ga yadda Umar Hashim zai fita daga sabon tarkon da aka ɗana masa.

Shirin Izzar So ya fara fitowa a shekarar 2020, a tashar YouTube mai suna Bakori TV. Lawan Ahmad, ɗan wannan gari, shi ne mai shirin, shi ne kuma yake fitowa a matsayin Umar Hashim. Marigayi Nura Mustapha Waye ne ya ba da umarninsa har zuwa rasuwarsa a 2022, Allah ya jiƙansa. Labarin ba ɓoyayye ba ne: matashi mai ilimi da riƙon amana ya sami kansa a kamfanin masu kuɗi, ana ƙulla masa sharri, yana warwarewa da gaskiya da haƙuri. Muna alfahari da cewa sunan garinmu ya shiga wayoyin Hausawa daga Kano har Maraɗi, har waɗanda ke zaune a ƙasashen waje. Amma alfaharin bai hana mu tambayar kanmu ba: me muke nema a wajen wannan mutum duk mako, kuma me kallon yake mayar da mu?

Tambayar ta faro ne daga harshenmu. Kakanninmu sun san jarumi a fagen fama, mutumin da ake gudu yana tsaye. Da finafinai suka zo, sai muka ɗauki kalmar muka ba ɗan wasa. Yau idan aka ce jarumi ya shigo gari, ba wanda zai zaci mayaƙi ne, kowa ya san ɗan fim ake nufi. Kalma ɗaya ta ɗauki mutum biyu: wanda ya yi abin, da wanda ya kwaikwayi yin abin. Daga nan ruɗaninmu ya samo tushe.

Ba mu kaɗai ke da wannan ruɗani ba. A Amurka an yi wani ɗan wasa, George Reeves, wanda ya fito a matsayin Superman a talabijin daga 1952 zuwa 1958. Superman mutum ne na almara, yana tashi sama, yana lanƙwasa ƙarfe, harsashi ba ya huda shi. Yaran ƙasar suka ɗauki Reeves tamkar shi ne Superman ɗin. Sunan ya ɗaukaka shi, sunan kuma ya ɗaure shi, domin masu shirya fim sun ga ba wanda zai kalli fuskarsa ya ga wani mutum daban. A watan Yunin 1959 aka same shi a ɗakinsa, harsashi ya kashe shi, yana da shekara 45. Hukuma ta ce shi ya kashe kansa, wasu har yau ba su yarda ba. Ko ma yaya aka yi, mutumin da duniya ta sani harsashi ba ya kama shi, harsashi ɗaya ne ya yi ajalinsa. Christopher Reeve, wanda ya sa wannan riga a fim tun 1978, ya faɗo daga kan doki a 1995, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Sauran shekarunsa har rasuwarsa a 2004 ya yi su a kan keken guragu, yana fafutukar nema wa masu irin lalurarsa magani. Mutane da yawa sun ce a lokacin ne suka fara ganin jarumtarsa.

Kowace al'umma tana ƙera gwarzonta ne daidai da abin da ta rasa. Su sun ƙera mai tashi sama. Mu namu ba ya tashi, ba ya ɗaga mota. Abin al'ajabinsa shi ne a miƙa masa cin hanci ya ƙi karɓa, ya dubi mai kuɗi ya faɗa masa gaskiya, sannan ya kwana lafiya. Idan har wannan ne ya zame mana abin kallo, muna tafa masa kamar yadda yaran Amurka ke tafa wa mai tashi sama, to mun faɗi wani abu mai nauyi game da kanmu. Mun shaida cewa riƙon amana a wajen aiki ya kusa zama almara a wurinmu.

Akwai hakki biyu a nan, kuma muna yawan tauye su duka.

Na farko hakkin ɗan wasan ne. Mukan ɗora masa rigar da marubuci ya ɗinka, mu hana shi tuɓewa. Wanda ya saba fitowa a mugu, sai a riƙa zaginsa a kasuwa, wata uwa ta hana shi auren 'yarta. Wanda ya saba fitowa a mai kuɗi, sai a yi masa layi da buƙatu, alhali motar da aka gan shi a ciki ta aro ce. Wanda ya fito a mutumin kirki kuwa, shi ya fi kowa shiga uku, domin ranar da ya yi kuskure irin na kowane ɗan Adam, sai mu ce ya yaudare mu. Shi kuwa bai taɓa yi mana alkawarin shi waliyyi ne ba. Sana'a yake yi, kamar yadda maƙeri ke ƙera garma ba tare da ya zama manomi ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, sojan gaske ne kafin mu san shi da Samanja Mazan Fama, amma ko shi sunan wasan ya haɗiye sunan yanka. Mutum nawa ne a cikinmu suka san shi da Usman? Adalci shi ne mu yaba wa ɗan wasa a kan gwanintarsa, mu auna halinsa da ma'aunin da muke auna maƙwabcinmu, ba ƙari ba ragi.

Hakki na biyu namu ne, kuma shi ya fi wuyar faɗa. Wani zai ce ai irin wannan shiri tarbiyya yake koyarwa, gara yaro ya kalli mai gaskiya da ya kalli ɗan daba. Wannan magana ce mai kyau, ba mu musa ba. Tatsuniya ma da haka ta rene mu. Sai dai akwai abin da shirin ba zai iya koya wa yaro ba, ko da ya so. Umar Hashim yana da marubuci a bayansa. Duk ramin da ya faɗa, an riga an tanadar masa tsani. Mai kallo ya san haka, shi ya sa yake kallo hankali kwance. Ta wannan fuska, shi ma harsashi ba ya huda shi. Amma malamin makarantar da ya ƙi sayar da amsar jarrabawa, ko ma'ajin da ya ƙi sa hannu a takardar bogi, ko mai awon masara a kasuwa da ya ƙi danne mudu, ba su da wannan tabbaci. Ana iya mayar da su ƙauye, ana iya korarsu, kuma ba lallai ne a zo a ba su haƙuri a kashi na gaba ba. Idan yaro ya tashi da zaton cewa gaskiya ciniki ce mai biyan riba nan take, ranar da ta jawo masa asara zai ce an cuce shi, ya watsar da ita. Hausawa sun ce gaskiya dokin ƙarfe ce, sun kuma ce ɗaci gare ta. Dole mu gaya wa yaranmu duka biyun.

Ashe jarumta ba ta tabbata sai ga wanda zai iya yin asara. Mu a wannan yanki mun san haka da jikinmu. A shekarar da Izzar So ya fara, a watan Disamba, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da mu. A watan Fabrairun 2023 mutanen ƙauyukan Bakori suka bi sawun ɓarayin shanu zuwa dajin 'Yargoje, aka yi musu kwanton ɓauna. 'Yan sanda suka ce mutum 41 ne suka mutu. Ba mu kawo wannan don mu ce a ɗauki doka a hannu ba, domin mun ga inda hakan ya kai ga zaluntar wanda bai ji ba bai gani ba, kuma tsakanin jarumta da ganganci akwai tazara. Mun kawo shi ne don mu tuna cewa a nan harsashi yana huda mutum. Manomin da ya saɓa fartanya ya tafi gonar da ke bakin daji, ya san abin da zai iya tarar da shi, amma ya tafi saboda akwai bakunan da ke jiransa. Matar da aka bar wa marayu tana sayar da ƙosai don kada su bar makaranta. Waɗannan ba mu kiransu jarumai. Mun riga mun kyautar da kalmar.

Labarin da muka fi tinƙaho da shi a ƙasar Hausa ma yana da wannan darasi, in mun lura. An ce maciji ya hana mutanen Daura ɗibar ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo da dare ya sare kansa. Kullum Bayajidda muke yabo. Ba mu cika tambayar yadda gari guda, da mazajensa da makamansa, ya zauna yana jiran baƙo ba. Haɗarin gwarzon allo ke nan: yana iya mayar da mu 'yan jira. Mu kalli Umar Hashim ya ƙi cin hanci, zuciyarmu ta yi sanyi kamar mu muka ƙi, mu kwanta da jin cewa mun sauke nauyi. Da safe kuma mu miƙa wa wani na goro don a tsallake da mu layin taki.

Ba mu ce a daina kallo ba. Mu ma Lahadi mai zuwa muna nan a gaban waya, kuma muna yi wa ɗan garinmu fatan alheri a sana'arsa. Abin da muke roƙon kanmu shi ne mu raba kalmar nan gida biyu a zukatanmu. Mu bar ɗan wasa ya tuɓe rigarsa idan an tashi daga aiki, ya zauna cikinmu a matsayin mutum mai daidai da kuskure. Idan kuma yaro ya tambaye mu ko akwai irin Umar Hashim da gaske, kada mu nuna masa waya. Mu kama hannunsa mu kai shi wurin mutumin unguwarmu da ya yi ritaya ba shi da ko keke saboda ya ƙi taɓa abin da ba nasa ba, mu ce ya gaishe shi. Idan muka duba unguwar kaf ba mu sami wanda za mu nuna ba, to aikin ya dawo kanmu.