Dokar da ba ta kira sunan kowa ba

A birnin Springfield na jihar Massachusetts ta Amurka aka ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891, kuma a nan aka haifi Bilqis Abdul-Qaadir a 1990. Kafin ta gama sakandare a 2009 ta tara maki 3,070, adadin da babu wani ɗalibi, namiji ko mace, da ya taɓa kaiwa a jihar. Daga nan ta buga wa Jami'ar Memphis, sannan Jami'ar Indiana State, kanta rufe da hijabi, hannuwa da ƙafafu ma a rufe. Da ta kammala a 2014 ta yi niyyar tafiya Turai ta mai da wasan sana'a, sai ta ci karo da dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda ta hana ɗan wasa sa wani abu a ka in faɗinsa ya wuce santimita 5. Ko ta cire hijabi, ko ta haƙura da sana'ar. Ta haƙura.

Dokar ba ta ambaci Musulmi ba, ba ta ambaci mata ba. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne kariya, kada abin da ke kan wani ya zame ya jawo rauni ana tsakiyar wasa. A takarda kowa ta shafa daidai wa daida. To, shin dokar da ta hau kan kowa, kuma ba a yi ta da nufin cutar da kowa ba, za ta iya zama zalunci?

Mu da sana'armu rubuta manhaja ce mun saba da irin wannan doka. Akwai fom na intanet da aka tsara shi ya karɓi haruffan Turanci 26 kawai. Mutumin Gwaram mai suna Ɗanladi ya zo ya rubuta sunansa yadda iyayensa suka raɗa masa, sai kwamfuta ta ce akwai kuskure. Wanda ya tsara fom ɗin ba ya ƙin Hausawa. Lokacin da yake aikin ba mu faɗo masa a rai ba, shi ke nan. Ya auna ƙofar da tsawon kansa da na maƙwabtansa, ya ce ƙofar kowa ce. Haka dokar FIBA take: an rubuta ta ana kallon ɗan wasan da babu abin da yake asara in ya shiga fili kai a buɗe. Shi ko ya san da ita ko bai sani ba, duk ɗaya. Bilqis kuwa ta biya da sana'arta.

Wani zai ce ai ayyuka da niyya suke, tunda babu mugun nufi babu laifi. Kyakkyawar niyya tana iya wanke wanda ya rubuta doka, amma ba ta ɗauke nauyin daga kan wanda dokar ta danne. Kuma uzurin rashin sani yana ƙarewa ranar da aka zo aka faɗa maka. A 2014 an sa 'yan wasan Indiya mabiya addinin Sikh sun kwance rawunansu kafin su buga wasa a ƙasar Sin. A watan Satumbar shekarar 'yan matan Qatar suka janye daga gasar Asiya a Incheon ta Koriya ta Kudu saboda an hana su shiga da hijabi. A lokacin hukumar ƙwallon ƙafa ta riga ta halatta rufe kai. Duk da haka sai a watan Mayun 2017, a taronta na Hong Kong, FIBA ta sauya dokar, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba.

Shekara uku ba komai ba ne a wurin hukuma. A wurin 'yar wasa kuwa yanki ne babba na ɗan lokacin da jiki ke bayar da haɗin kai. Bilqis tana da shekara 23 aka rufe mata ƙofa, tana da 26 aka buɗe. Tana cikin waɗanda suka fi kowa fafutukar a buɗe ta, amma ba ta koma neman kulob ba. Ta juya ga koyar da ƙananan 'yan mata Musulmi a ƙarƙashin shirinta na Muslim Girls Hoop Too. Gyaran ya amfani na bayanta, a gare ta ihu ne bayan hari. Shi ya sa muke ganin jinkirin gyara doka bayan an san tana cutarwa laifi ne mai zaman kansa, domin ana biyansa da shekarun wani, kuma babu taron da zai zauna ya mayar masa da su.

Nan ne maganar ke da daɗin faɗa, tunda masu laifin suna can nesa. Ga Faransa ma da ta hana 'yan wasanta sa hijabi a gasar Olympics ta Paris a 2024. Amma laifi tudu ne. A wannan gasar D'Tigress ta Nijeriya ta doke Ostareliya da Kanada, ta zama tawagar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a ƙwallon kwando. Mun yi murna, mun yaɗa hotuna a Facebook. A cikin masu murnar nan, mutum nawa ne zai yarda 'yarsa ko ƙanwarsa ta riƙe ƙwallon?

A Farin Dutse da sauran garuruwanmu na Gwaram da Birnin Kudu babu wanda ya taɓa rubuta cewa yarinya ba za ta yi wasa ba. Tana ƙarama tana gaɗa a dandali, tana 'yar gala-gala, tana tsere da sa'o'inta. Da ta fara tasawa sai a wayi gari duk filin da ke garin na samari ne, lokacin la'asar nasu ne, ita kuma aikin gida da talla. Ba a kore ta ba, an dai tsara komai ba da ita ba. Tamu dokar ta fi ta FIBA wuyar gyara, domin ba ta da lamba, ba ta da shafi, babu ofishin da za a kai ƙara.

Damuwar iyaye gaskiya ce, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Suna tsoron cakuɗuwa da maza, da fitar tsiraici, da bakin mutane ranar da aka zo neman aure. Sai dai kowanne daga cikin waɗannan yana da magani wanda bai kai ga hanawa ba: fili mai katanga a makarantar 'yan mata, malama mace mai koyarwa, sa'a guda da aka keɓe musu, tufafin da ke suturta jiki. Rayuwar Bilqis gaba ɗaya shaida ce cewa sutura da gudu ba sa faɗa da juna. Kafin ita ma, malamanmu suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana Aisha. In muka ga laifin FIBA da ta ce a zaɓi ɗaya tsakanin hijabi da fili, da wane baki za mu sa 'ya'yanmu su yi wannan zaɓin ta ɗaya ɓangaren?

Ba kowace yarinya ce za ta zama Bilqis ba, kuma ba don kofi muke magana ba. Akwai lafiyar jiki, akwai sanin yadda ake faɗuwa a tashi, akwai baiwar da Allah ya ajiye a jikin wata wadda ba za a taɓa sani ba in ba a miƙa mata ƙwallo ba. Idan an zauna taron iyaye da malamai, ko matasan unguwa sun haɗa kuɗi za su share fili, akwai tambayar da ya kamata wani ya ɗaga hannu ya yi kafin a tashi: wa muka manta da muke wannan tsarin? Yarinyar da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a bana, nan da shekara uku ta gama ajin ƙarshe, kuma ba za ta jira mu gama shawara ba.