Gida na mai shi ne, fuskarsa ta gari ce

A birnin Bath na ƙasar Ingila akwai jerin gidaje talatin da ake kira Royal Crescent, waɗanda aka gina tsakanin 1767 da 1774 bisa zanen John Wood ƙarami. Fuskar jerin kaɗai ya tsara. Kowane mai saye ya karɓi rabonsa, ya gina bayan gidan yadda ya ga dama. Shi ya sa gaba ya zama bai ɗaya, baya kuwa kowa da irin nasa.

Wanda ya sayi gida a wannan unguwa yana biyan kuɗi masu nauyi, amma ba shi da ikon sauya taga ko rushe bango sai da izinin hukuma. Yin haka da ka laifi ne a gaban shari'a. Shin an zalunci mai dukiya? A'a. Kyan birnin da ya ja shi, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1987, ba guminsa ba ne. Haƙurin magabata ne ya tsare shi, kuma wanda ya ci moriyar haƙurin wasu, wajibi ne ya yi irinsa.

Sai dai amanar ba ta tsaya ga duwatsu ba. Idan tsada ta kori malamin makaranta da mai gasa burodi, gidaje suka koma masaukin ƴan yawon buɗe ido, to an tsare bango an rasa maƙwabci. Hukumar da ta hana taɓa taga, alhakinta ne ta kula da wanda zai buɗe ta da safe.