Amanar Dillali

Mai sayar da jirgin samansa yakan danƙa wa dillali cinikin, tare da littafin da ke nuna sa'o'in tashin jirgin da gyare-gyarensa. In dillali ya ɓoye tsohuwar lalacewa domin la'adarsa ta ƙaru, ya cuci mai saye, ya kuma jefa rayuka cikin haɗari, gama a sararin sama babu gefen hanya da za a tsaya. Doka ta bakwai ta hana mu sata, ta takwas ta hana mu ƙarya. Mu da muke dillancin shanu, hatsi da filaye, bari mu faɗi aibin kaya kafin a sallama. Ubangiji ya ba mu alherin riƙon amana. Amin.