Kujerar Ofis Ba Gadon Gida Ba Ce

Mun ƙware wajen zagin ma'aikatan gwamnati: fayil ya ɓata, oga bai shigo ba, a dawo gobe. Gaskiya ne, duk ana yi. Amma yau da mu nake, mu da suke fitowa daga gidajenmu kowace safiya.

Da zarar an ce ɗan unguwa ya zama darakta, kafin kujerar ta yi ɗumi zaurensa ya cika. Wannan a cusa masa ɗansa aiki, wancan a yi masa hanyar kwangila, wata kuma a mayar mata da mijinta Abuja. In ya ce doka ba ta yarda ba, shi ke nan ya zama wanda ba a cin arzikinsa. Mutum ya yi shekara 35 yana aiki ya fito da gida ɗaya, sai mu ce bai yi wayo ba. Wanda kuwa ya jera benaye da albashin mataki na 14, shi muke kira ya ƙaddamar da asusun masallaci, ba mai tambayar inda ya samo. Yaron da ya kama aiki bana a mataki na 8 yana kallonmu, kuma yana ɗaukar darasi.

Alhali hanyar ƙarin girma a rubuce take. A aikin gwamnatin tarayya, daga mataki na 7 zuwa na 14 sai ma'aikaci ya shekara uku a kan matakinsa, daga na 15 zuwa sama shekara huɗu, sannan ya ci jarrabawa, kuma a samu gurbi. Duk wanda ya tsallake wannan da takardar wani babba, haƙƙin wani ya taka. Galibi kuma wanda aka taka ɗan talaka ne da ba shi da kowa sai Allah.

Ku kuma manyan ofis, ina waɗanda kuka horar? A zamanin Sardauna, Cibiyar Koyon Harkokin Mulki ta Kongo a Zariya ta horar da samarin Arewa don su karɓi aiki daga hannun Turawa, suka kuma riƙe shi. Yau in takardar kwas ta zo daga kwalejin horar da ma'aikata ta Badagry, sau da yawa oga ne zai sa sunansa saboda alawus, ko da saura masa wata shida ya yi ritaya. Wani ma ɓoye sanin aiki yake yi kada na ƙasa ya kamo shi. Saboda irin wannan toshe hanya ne gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙayyade wa darakta shekara takwas a 2009. An dakatar da dokar a 2016, aka dawo da ita a 2023. Sai dai doka tana iya tayar da mutum daga kujera, ba ta iya tilasta masa ya koyar.

Iyaye, in ɗanku ya samu aiki, ku tambaye shi abin da ya koya kafin ku tambayi abin da ya kawo. Malamai, ku riƙa faɗa a kan mumbari cewa zuwa ofis ƙarfe sha ɗaya a karɓi albashin wata cur cin amana ne. Sarakuna da masu unguwanni, kafin ku naɗa wa wani rawani, ku bincika yadda ya bar ofishinsa. Mu kuma dangi da maƙwabta, mu rage wa ɗan'uwanmu kaya don Allah, mu bar shi ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa.