Malam, wace bindiga za ni saya?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya da aka yi mini. Na kawo maka ita mu duba tare.

Ran nan a Jiratawa, mun tashi daga ajin yaƙi da jahilci, sai wani ɗalibina ya tsaya har kowa ya watse. Magidanci ne, yana da garkar zogala, shekara kuwa ta yi masa kyau. Ya ciro salula ya nuna mini hoton wata ƙaramar bindiga. Ya ce: "Malam, kai ka san rubutun Nasara. Karanta mini wanga. In za ni saya, ita ce ta fi?"

Na karanta masa. Sunanta Glock 17, a ƙasar Ostiriya aka ƙera ta. Tana cin harsashi 17. Ka ja kunama, ɗaya ya fita, wani ya hau da kansa, ba sai ka tsaya ɗuri ba kamar bindigar mahalba. A Amurka kuɗinta ya kai dalar Amurka 500, wajen jika 300 ke nan na kuɗinmu, kuɗin ɗan bijimi.

Kada ka yi wa mutumin nan dariya. Tsoronsa yana da dalili. A 2019 dubban mutane sun gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, sun shigo jihar Maraɗi saboda ɓarayin daji. Ƙauyukanmu na bakin iyaka, wajen Madarumfa da Gidan Rumji, su ma sun gani. A zo da dare a kore shanu, a ɗauki mace ko ɗiya, a ce sai an kai miliyoyi. Mutum ya sayar da gonar gado don ya fanso iyalinsa. Kare kai da iyali kuwa haƙƙi ne, addini bai hana ba, hankali bai hana ba.

To, amma bari mu yi lissafi, tun da lissafi ma muna koyo. Ƙaramar bindiga ba ta da kuɗin kirki (wato ba ta samun abin da aka nufa) in ya wuce taki 50. Ɓarawon daji yana riƙe da Kalash mai cin harsashi 30, wadda ke samun mutum daga mita 300. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, bisa babura suke zuwa, su da yawa. Kai ɗaya, cikin duhu, ka farka daga barci, hannu yana rawa. Sojan da ya iya harbi ya daɗe yana koyo. Kai a ina za ka koya? Sa'an nan bindiga ba ta ɓoyuwa a ƙauye. Matarka ta sani, ƙanenta ya sani, gobe kasuwa ta sani. Ɓarawo kuwa yana son bindiga kamar yadda yake son sa.

Wannan duk batun dabara ne. Abin da ya fi damuna daban yake. Ɓarawo yana iya zuwa dare ɗaya, yana iya ƙin zuwa har abada. Bindiga kuwa tana cikin ɗaka kwana 365 a shekara. Tana nan ranar da maƙwabci ya ci maka iyakar gona. Tana nan ranar da shanu suka shiga hatsinka ana saura kwana goma girbi. Tana nan ranar da ɗanka mai shekara tara ya ɗaga katifa yana neman ashana. Ka san kanka in kana cikin hankalinka. Ka san kanka in zuciya ta ɗebe ka? Ni dai ban san kaina ba, na taɓa jifan ƙanena da turmin daka taba a kan abin da bai kai dala ba. Faɗan sanda, gobe a je gaban mai gari, a yi shari'a, a ba juna hannu. Harsashi ba ya barin wanda za a ba haƙuri.

A Amurka, inda bindiga take a gidaje da yawa, mutum fiye da 48,000 ne bindiga ta kashe a 2021. Fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Ba ɓarawo ya shigo musu ba, baƙin cikin dare ɗaya ne ya tarar da makami kusa.

Ba sai mun je nesa ba. Dattawa suna tune da Toda, nan cikin jiharmu. A 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a can, yawancinsu mata da yara. Fushi ne ya yi wannan aiki. A Zamfara kuma, ƴan sa-kai sun tashi don su kare garuruwansu. Wasunsu suka shiga kashe wanda ake zato kawai, ba alƙali, ba shaida. Dangin mamaci suka nemi tasu bindiga, ramuwa ta bi ramuwa. A 2022 gwamnan Zamfara Bello Matawalle ya ce mutane su nemi izinin riƙe bindiga, manyan sojan Najeriya suka ce ba huruminsa ba ne. Satar mutane kuwa ba ta tsaya ba.

Wani zai ce: "Kakanninmu fa? Ba da makami Ɗan Kasawa ya riƙe Maraɗi ba? Ba da makami Mayaƙi ya kafa Tsibiri ba?" Gaskiya ne. Amma ganuwa suka gina, gari ɗaya ya kwana a bayanta. Yaƙi kuma yana da mai shi. A Maraɗi Kaura ne ke gaba, shi ma yana ƙarƙashin sarki. Wanda ya zare takobi a kan fushin kansa, fada za a kira shi.

Yau ma haka doka ta ce. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da takardar izinin hukuma. Wadda za a kawo maka a ɓoye daga bakin iyaka ba ta da takarda, ba ka san wanda ta kashe ba, in jandarma suka same ta a ɗakinka kaso za ka. A Agadas, ran 25 ga Satumba 2000, bindigogi fiye da 1,000 aka tara aka ƙone a gaban jama'a bayan tawaye. Waɗanda suka fi mu sanin bindiga ne suka miƙa su.

Na gaya wa ɗalibina duk wannan. Na ce ya bar kuɗinsa. Na ce ku haɗa kai da mai gari, ku yi gadin dare bi da bi, kowane gida ya rubuta lambar jandarma a bango, ai yanzu kun iya rubuta lamba. Na ce ku zauna da Fulanin da ke kusa da ku, su ma ana kore musu shanu.

Ya saurara har na gama. Ya sa salularsa aljihu, ya ce: "Malam, maganarka tana da kyau. Amma kai cikin birnin Maraɗi kake kwana."

Ban sami abin da zan ce masa ba, don gaskiya ya faɗa. Na hau babur na koma birni kafin magariba. Ran Laraba ya zo aji, ya zauna wurin da ya saba, muka yi karatun baƙin ƙ da ɗ. Ban tambaye shi ko ya saya ba, shi ma bai tayar da zancen ba.